Kujerar Guruji

Litinin, 4 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Takardar ta iso yau ana cikin darasi na uku. Shugabar makaranta ba ta tara mu ba, sai ta sa aka manna ta a allon ɗakin malamai, kusa da jadawalin jarrabawa. Layi shida ce. Duk malaman sakandaren da aka ɗauka na wucin gadi, aikinsu ya ƙare ranar talatin da ɗaya ga Maris. A jihar nan sun haura dubu biyu. A makarantarmu mutum ɗaya ce, Nikhat.

Shekara goma sha tara Nikhat tana koyar da lissafi da sunan wucin gadi. 'Yan matan da ta fara koyarwa su ne yanzu ke kawo mata 'ya'yansu. Ta karanta takardar a tsaye, ta gyara tabaranta, ta sake karantawa, sannan ta ɗauki allinta ta tafi aji tara. Da aka tashi ta same ni wajen famfo ta ce, "Urmila-ji, Guruji ya ji?" Na ce jibi zan kai masa da hannuna.

Duk malamin da abu ya sama a gundumomin nan bakwai, tambayarsa ke nan: Guruji ya ji? Mu malaman sakandare mu kaɗai ke zaɓen mai zama a kujerarmu a majalisar sama ta jiha, kuma shekara talatin ke nan Ramashray Dube, shugaban Jam'iyyar Malamai, wanda muke kira Guruji, wato babban malami, yake kanta. Sanda na shiga jam'iyyar kujerunmu bakwai a majalisa. Yanzu uku. Maigidana Dinanath yakan ce mu ne jam'iyyar da duk 'yan majalisarta za su shiga riksha ɗaya, keken haya mai ƙafa uku, har a sami wurin aje jaka.

Zan fara tsara jawabin da zai yi. Shekara goma sha shida ni ke rubuta masa.

Laraba, 6 ga Disamba, a bas ta dawowa daga Lucknow, babban birnin jiha

Na same shi a tsakar gida yana shan hantsi, ya rufa da bargon nan nasa mai ruwan ƙasa. Ya karanta takardar, fuskarsa ta yi ja, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce ba za ta saɓu ba. Raina ya yi sanyi. Na ce a zuciyata, shi ne dai.

Ya tambaye ni ko na sha shayi. Na ce na sha. Muka ɗan yi magana a kan jawabin, sai ya sake tambayata ko na sha shayi. Kofin yana hannuna.

Da zan tashi ya ce in gaida Babana, yaya ƙafar tasa. Na ce da sauƙi.

Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Baba. Guruji yana cikin mutum huɗun da suka ɗauki makararsa zuwa bakin kogi, inda muke ƙona gawa.

'Yarsa Shobha ta rako ni ƙofa, ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata bas za ta tafi ta bar ni.

Alhamis, 7 ga Disamba, da safe

Gajiya ce. Mutum mai shekara saba'in da tara, ga sanyi.

Asabar, 9 ga Disamba, ƙarfe huɗu

An sa ranar zaɓen kujerar malamai, talatin ga Janairu. Za a rufe karɓar takardun takara ranar sha biyu ga watan.

Harendra Chauhan, sakataren jam'iyya, ya kira mu Gidan Malamai, hedikwatar jam'iyya. Ya rame. Ya ce a da manyan jam'iyyu kan bar mana kujerun malamai, suna ganin ba su kai a yi faɗa a kansu ba. Bana sun waiwayo. Babbar jam'iyya ta tsayar da wani mai makarantun kuɗi guda tara, kuma ya bi gida-gida ya sa an yi wa malaman makarantun kuɗi rajista, dubbai. Suna da motoci, suna da matasa masu waya. Mu muna da tsofaffin babura da sunan Guruji.

Da mutane suka watse ya ce in tsaya. Ya rufe ƙofa, ya ce bana ba za mu wahalar da Guruji da dogon jawabi a wurin kamfe ba. Zai zauna a gaban mota, ya ɗaga hannu, a sa masa furanni a wuya, shi ke nan. Sauran mu za mu yi.

Na ce don me?

Ya dube ni ya ce, "Urmila, kada ki mai da ni yaro, ni ma ba zan mai da ke yarinya ba."

Ya fita yana jan ƙafar nan da 'yan sanda suka karya masa a ƙofar majalisa shekara ashirin da suka wuce, ranar da ya kwanta a kan Guruji don kada kulki ya same shi. Ina wurin. Ba zan taɓa cewa Chauhan ba ya sonsa ba.

Talata, 12 ga Disamba, lokacin tara

Nikhat ta kawo mini gasasshiyar gyaɗa da mazarƙwaila a takarda. Ba ta tambaye ni komai ba. Gara ta tambaya.

Mijinta ba ya iya aikin saƙa tun da idonsa ya lalace. Ƙaramar 'yarta tana ajin ƙarshe.

Alhamis, 14 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Shobha ta zo garinmu Sitapur da kanta, ba ta ko yi waya ba. Na dawo daga makaranta na tarar da ita a falo, Dinanath ya ba ta shayi.

Ta fito da takardar likita daga jakarta ta aje a kan tebur. Na ga sunan abin a rubuce. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Ta ce tun damina suka sani. Ta ce ranar Litinin ya fita yawon safe bai dawo ba, sai bayan awa huɗu wani mai sayar da jarida da ya gane shi ya kira ta daga tashar jirgin ƙasa. Sun same shi a layin tikiti, yana neman jirgin da zai kai shi makarantar da ya fara koyarwa shekara hamsin da biyar da suka wuce. Yana cewa ya makara, yara na jiransa.

Ta ce ta roƙi Chauhan-ji, ya ce ta yi haƙuri a wuce zaɓe. Shekara shida ce wa'adin kujerar.

"Didi, shekara shida," in ji ta, tana kirana yaya kamar yadda ta saba. "Za su riƙa ɗaukar Babuji suna ajewa kamar hoto. Maganarki kaɗai yake ji."

Na ce mata ranar ashirin da ɗaya zai yi magana a majalisa a kan malaman wucin gadi, mutum dubu biyu na jiran wannan rana. In aka ji labarin nan kafin sannan, ba mai saurarensa. Na ce ta bari a wuce ranar.

Ta mayar da takardar jaka. Ta ce, "Ke ma a wuce."

Na raka ta tasha.

Juma'a, 15 ga Disamba, da safe

Ke ma a wuce.

Lahadi, 17 ga Disamba, da rana

Na gama jawabin. Shafi huɗu ne a da, ya koma sha ɗaya, don na sa an buga shi da manyan baƙaƙe, jimla ɗaya a layi ɗaya, da lamba a gefen kowace. A ƙasan kowane shafi na rubuta da jan biro: a juya.

Dinanath ya leƙa ya ce ko ɗan aji ɗaya ne zai karanta. Da ya ga fuskata sai ya je ya ɗora ruwan shayi.

Na tuna shekarar da mai makarantarmu ta farko ya kore ni don ina da cikin ɗana Anurag, ya ce ba ya biyan mace ta zauna a gida. Ban san kowa ba. Wani ya ce in rubuta wa Master Dube, lokacin bai ma shiga majalisa ba. Kwana uku da aika wasiƙar sai ga mutum da tabarma da buta, ya shimfiɗa a ƙofar gidan mai makarantar ya zauna. Kwana tara ya yi a wurin. Matar mai gidan ce ta fara aiko masa da gurasar roti, sannan mijin ya fito da takardar mayar da ni.

Mutumin da nake rubuta wa "a juya" ke nan.

Alhamis, 21 ga Disamba, ƙarfe biyar, a ɗakin baƙi na Gidan Malamai

Bari in rubuta yadda abin ya faru kafin jaridu su canza mini shi.

Ina benen 'yan kallo, Chauhan na gefena. Da shugaban majalisa ya kira sunansa, Guruji ya miƙe ba tare da an taimaka masa ba. Ya karanta shafi na ɗaya lafiya. Na biyu ma haka. A na uku ya tsaya. Ya juya takardun gaba, ya juya baya. Wasu samarin 'yan majalisa a can baya suka fara murmushi.

Sai Guruji ya aje takardun a kan tebur, ya cire tabarau, ya fara magana da ka.

Muryarsa ta dawo, irin ta da. Ya ce jiya ya je gidan Master Bhagauti Prasad, malamin tarihi, shekara ashirin da biyu a aji, an sallame shi da takarda mai layi shida. Ya ce ya same shi a tashar bas yana sayar da gyaɗa, in ya hango tsohon ɗalibinsa sai ya ja mayafi ya rufe fuska. Ya ce akwai Sarla Nigam, wadda ta ci gaba da zuwa makaranta wata biyar bayan an kore ta, tana koyarwa a ƙarƙashin bishiya a wajen katanga, don 'yan ajinta na da jarrabawa. Ya ce, "Kun ce na wucin gadi ne. Yaron da ya koya wa karatu, karatun wucin gadi ya iya?"

Zauren ya yi tsit. Daga nan aka fara buga tebura, har da 'yan ɓangaren gwamnati. Ya yi kusan minti ashirin. Na ga wata 'yar majalisa tana share ido da bakin sarinta, dogon zanen da ta yafa.

Master Bhagauti ya rasu kafin in yi aure. Sarla Nigam tana cikin waɗanda aka kora a babban yajin aikin da aka yi ina 'yar sakandare. Kuma sau biyu Guruji ya juya ga ministan ilimi ya kira shi da sunan wani minista da ya daɗe a ƙasa. Ƙarar tebura ta rufe, ko kuma mutane sun ɗauka ba'a ce.

Ba a wannan shekarar yake magana ba. Ni da Chauhan kaɗai muka sani.

Minista ya miƙe ya ce an dakatar da umarnin har sai kwamiti ya duba lamarin kowane malami ya kawo rahoto.

A mota Guruji ya jingina kai, ya rufe ido. Da muka kusa gida ya ce, "Yau ne zan yi maganar nan, ko gobe?"

Juma'a, 22 ga Disamba, ƙarfe biyu

Jaridu uku sun sa hotonsa a shafin farko. Ɗaya ta ce tsohon zaki ya yi ruri. A rubutaccen bayanin majalisa an gyara sunan ministan.

Nikhat ta rungume ni a gaban ɗalibai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wallahi tun fitowar takardar sai jiya ta ci abinci ta ji ɗanɗanonsa. Ta kawo alewar madara ta raba wa kowa a ɗakin malamai.

Chauhan ya yi waya. Ya ce, "Kin gani? Ko a haka ya fi su duka." Ya ce an riga an ba da aikin buga hotuna.

Na ci alewar.

Lahadi, 24 ga Disamba, da safe

Shobha ba ta kira ba. An wuce ranar. Ni na ce a bari a wuce ranar.

Laraba, 27 ga Disamba, ƙarfe uku

An yi hutun sanyi. Na kama bas ta farko, hazo ya sa muka yi awa uku a hanya.

Na same shi a bayan gida wajen bishiyar gwaiba, an yi masa aski, idonsa tar. Shobha ta raɗa mini cewa yau da sauƙi, safiya ta fi masa. Ya sa aka kawo mini kujera. Bai tambayi shayi ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Urmila, babanki ya rasu."

Na ce e, Guruji.

"Shobha ta ce na tambaye ki shi, kika ce da sauƙi."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce ya karanta jawabinsa a jarida sau uku. Ya ce jawabi ne mai kyau, amma bai tuna ya yi shi ba, kuma Bhagauti abokinsa ne, shi ya kunna wutar gawarsa don ba shi da ɗa namiji. Ya ce kowa a gidan nan yana yi masa magana kamar mai lallashin jariri. Ya ce, "Ke malama ce. Faɗa mini sakamakona."

Na faɗa masa. Duka. Tashar jirgi, takardar likita, sunan minista, abin da ya tambaya a mota, shirin zaunar da shi a gaban mota da furanni. Ina magana ina kuka, shi kuwa yana sauraro kamar ana karanta masa ƙorafin wani malami daga wata gunduma.

Da na gama ya tambaya ko in ya tsaya zai ci. Na ce zai ci. Ya tambaya in wani ne fa. Na ce da wuya.

Ya yi shiru har na zaci ya tafi wani wuri. Sai ya ce a wannan kujerar ana ɗaga hannu a kan dokoki. Ya ce wata rana za a kawo dokar da za ta yanka malamai, wani ya raɗa masa a kunne ya ɗaga hannu, ya ɗaga, yana murmushi. Ya ce malamai ba su zaɓe shi don ya zama haka ba.

Ya ce in ɗauko takarda yanzu, kafin rana ta yi. Ya faɗa, na rubuta. Wannan karon ban gyara masa ko kalma ɗaya ba. Layi takwas: ba zai sake tsayawa ba, dalili rashin lafiyar da ke taɓa tunani, jam'iyya ta zaɓi wani ranar da kwamitin zartarwa zai zauna. Ya sa hannu, Shobha ta sa, na sa.

Ya miƙo mini ya ce, "Ki riƙe a wurinki. Wataƙila gobe in ce ban san da ita ba. Wataƙila in zage ki. Kada ki saurari wancan, ni ki saurara."

Ya tsinko gwaiba biyu ya ce in kai wa Dinanath.

Asabar, 30 ga Disamba, da yamma

Na kira Chauhan na karanta masa. Ya ce, "Kin san abin da kika yi?" Ya kashe wayar.

Talata, 2 ga Janairu, a bas

Chauhan ya riga ni zuwa. Ya kai masa sababbin hotunan kamfe, an baje su a kan gado, Guruji yana ta murna yana nuna wa kowa. Da na shiga Chauhan ya ce, "Guruji, ga wadda ta ce kun janye."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina da kyau ba. Ya ce wa ya aiko ni. Na nuna masa wasiƙar, ya ce an kwaikwayi sa hannunsa. Ya ce shekara talatin manyan jam'iyyu suna neman wanda za su saya a cikinmu, ashe a gindinsa take zaune. Shobha ta ce, "Babuji, ina wurin," ya daka mata tsawa. Ya miƙa hannu zai karɓi takardar, na mayar da ita cikin rigar sanyina.

Ya ce in fita, kada in sake taka masa gida.

Chauhan bai dube ni ba. Kansa na ƙasa, yana tattara hotuna.

Laraba, 3 ga Janairu, da safe

Shi ya ce kada in saurare shi. Shi ya ce. Amma murya ɗaya ce.

Alhamis, 4 ga Janairu, ƙarfe huɗu

Dinanath ya ce in na ga dama in ƙona ta, ba wanda zai zarge ni, shi ma ba zai zarge ni ba. Na ce to me zan ce wa mutumin da ke gindin gwaiba? Ya ce shi dai ya faɗa ne don in san ƙofa a buɗe take. Sai ya je ya goge mini sarin da zan sa ranar Asabar.

Asabar, 6 ga Janairu, ƙarfe shida na yamma

Mutum arba'in da ɗaya a kwamitin zartarwa. Shobha ta hana a kawo Guruji, ta ce yana mura. Chauhan ya gabatar da sunansa, aka fara tafi. Na miƙe.

Na karanta layi takwas ɗin. Muryata ba ta yi rawa ba, na yi mamaki. Na aje takardar a kan tebur don kowa ya ga sa hannun, na ce duk mai shakka ya je ya zauna da Guruji daga safe zuwa la'asar, rana ɗaya tak.

Wuri ya kaure. Wani tsohon malami daga Lakhimpur ya rufe fuska yana kuka. Wasu suka ce ai sun daɗe da lura. Wasu suka ce ko gawarsa aka tsayar za ta ci, me ya kai ni. Wani daga baya ya ce, "Nawa suka ba ki?"

Chauhan ya buga tebur. Ya ce, "Rufe mana baki. Wannan ba a sayenta. Taurin kai ne ke damunta tun tana yarinya." Sannan ya ɗauki takardar ya daɗe yana kallo. Ya ce hannun Guruji ne, kuma maganar Guruji ce, ya san ta. Ya ce shi ya so a ɓoye, don ya ga abin da aka gina shekara arba'in zai rushe a hannunsa. Ya ce har yanzu yana ganin kuskure ne, amma ba zai kai takardar takarar mutumin da ya rubuta wannan ba.

Aka zaɓi Chauhan ya tsaya. Bai so ba. Ya ce shi malamin motsa jiki ne, bai iya jawabi ba. Wani ya ce ai ga mai rubutawa nan. Ba wanda ya yi dariya.

Juma'a, 12 ga Janairu, da rana

An miƙa takardar Chauhan. Jaridar da ta ce zaki ta ce yau Jam'iyyar Malamai ta zama marainiya.

Asabar, 20 ga Janairu, ƙarfe biyar

Mun zaga makarantu sittin da huɗu kamfe cikin kwana takwas, ni da malamai biyu a tsohuwar motar wani. A kowane ɗakin malamai tambaya ɗaya: ina Guruji? A wata makaranta a Hardoi shugaban ya ƙi ba ni kujera. A wata kuma wata malama ta riƙe hannuna ta ce surukinta ma haka ya yi, ta san abin.

Malaman makarantun kuɗi sun ba ni tausayi. Ɗaya ta ce mini mai makarantarsu ya ce zai kai su rumfar zaɓe da motarsa, ya dawo da su. Ta ce, "Didi, ku kuna da jam'iyya. Mu wa muke da shi?" Shekaru muna kallonsu kamar ba malamai ba. Wannan laifinmu ne, ba na babbar jam'iyya ba.

Chauhan yana karanta abin da na rubuta masa kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Ba ya yi mini magana sai ta aiki.

Talata, 30 ga Janairu, ƙarfe sha ɗaya

Na sa lamba ɗaya a gaban sunan Chauhan, alamar shi na zaɓa. Karo na farko a rayuwata da na jefa wannan ƙuri'a ba sunan Guruji a takardar. Nikhat na bayana a layi.

Juma'a, 2 ga Fabrairu, da yamma

Mun faɗi. Da ratar ƙuri'a ɗari huɗu da sha biyu. Saura kujeru biyu.

Asabar, 3 ga Fabrairu, lokacin tara

Ba wanda ya ce mini komai a ɗakin malamai, sai motsin cokali a kofi. Nikhat ta zauna kusa da ni tana duba littattafan aji tara. Kwamitin bai kira ta ba tukuna. An ce dakatarwar na nan har ya gama, ba wanda ya san yaushe, kuma wanda zai matsa musu a majalisa ba ya nan.

Na ce mata, "Da na yi shiru, da kujerar na hannunmu."

Ba ta ɗago ba. Ta ce ta sani. Ta ce ta yi fushi da ni sati biyu, har ta daina kawo gyaɗa, ko ban lura ba? Ta ce har yanzu in ta tuna watan Maris ba ta iya barci. Sannan ta ce, "Amma da ni aka ba takardar, ban san inda zan kai ta ba in ba inda kika kai ba." Ta ci gaba da sa maki.

Chauhan ya aiko saƙo da rana: taro ranar sha ɗaya, in zo da sunayen makarantun kuɗi na gundumarmu.

Lahadi, 4 ga Fabrairu, a bas ta dawowa

Shobha ce ta ce in zo. Ta ce ya manta ya kore ni.

Suna haɗa kaya, za su bar gidan da majalisa ta ba shi su koma ƙauye kafin ƙarshen wata. Littattafansa cikin kwalaye har rufi. Shobha ta yi ƙiba kaɗan, ta ce yanzu tana barci.

Yana zaune a rana da bargonsa. Na taɓa ƙafarsa na gaishe shi, ya sa mini albarka, ya nuna mini kujera da ladabi, irin yadda yake yi wa baƙi. Bai tambayi zaɓe ba. Na zauna muna kallon masu ɗaukar kaya. Ya ce gwaibar bana ta yi zaƙi. Na ce ta yi.

Can ya juyo ya ce, "'Yata, kamar malama ce ke?"

Na ce e, Guruji. Labarin ƙasa nake koyarwa, a makarantar 'yan mata a Sitapur.

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi. Ya tambaya yara nawa ne a ajina, na ce sittin da biyu, ya ce sun yi yawa, bai kamata ba. Ya tambaya ko mai makarantar yana mutunta mu. Na ce ba laifi.

Ya matso, ya rage murya kamar mai ba da sirri. Ya ce, "In wani ya taɓa ki, ko ya taɓa wata a cikinku, kada ki ji tsoro. Ki zo ki faɗa mini. Sunana Dube, kowa ya san inda nake."

Na ce to, Guruji. Zan zo.